Yadda Ake Auna Nauyin Manyan Motoci a Kan Gada Yayin da Suke Tafiya

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan gadar Wudil ko ta Tamburawa a lokacin da tirela mai ɗauke da siminti take wucewa, ya san yadda gadar kan yi rawa a ƙarƙashin ƙafarsa. Wasu kan tsorata, su ɗauka gadar na shirin faɗuwa. A gaskiya wannan motsi ba aibi ba ne, domin an gina kowace gada ne ta yadda za ta ɗan lotsa idan kaya ya hau ta, ta kuma koma daidai idan ya sauka. Abin tambaya shi ne: wane irin nauyi ne gadar take ji a daidai wannan lokaci? Shin daidai yake da nauyin da sikeli zai nuna in da motar a tsaye take?

A wannan babi za a yi bayanin bambancin nauyin mota a tsaye da nauyinta a guje, da dalilan da ke kawo bambancin, da kayan aikin da injiniyoyi suke auna shi da su, da kuma amfanin sakamakon awon. Daga ƙarshe za a kawo shawarwari kan yadda ɗalibi malami zai gabatar da irin wannan batu na kimiyya ga yara cikin harshen Hausa.

2.0 Sassan Gada da Yadda Take Ɗaukar Kaya

Galibin gadojin da ke kan hanyoyinmu suna da manyan sassa guda huɗu. Akwai shimfiɗa, wato daben kankare da kwalta da motoci ke bi. A ƙarƙashinta akwai bim, wato manyan azarori na kankare ko na ƙarfe da aka gitta daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi. Sai ginshiƙai waɗanda ke sauke nauyi zuwa harsashi a cikin ƙasa. Na huɗu su ne matasai na roba da ƙarfe da ake sa wa tsakanin bim da ginshiƙi. Ban da waɗannan akwai mahaɗa, wato tsagar da ake bari a bakin gada da tsakanin sassanta don shimfiɗar ta sami wurin miƙewa a lokacin zafi.

Idan kaya ya hau tsakiyar bim sai ya lanƙwasa. Samansa yakan matse, ƙasansa kuma ya miƙe. Kankare yana jure matsi ƙwarai, amma ba ya jure ja, shi ya sa ake sa masa rodi a ɓangaren ƙasa. Wannan miƙewa ta ƙasan bim ita ce mabuɗin awon da za a yi bayani a gaba, saboda tana ƙaruwa daidai gwargwadon nauyin da ke sama.

3.0 Nauyin Tsaye da Nauyin Motsi

Nauyin tsaye shi ne nauyin da mota ke ɗora wa gada idan ba ta motsi, kamar yadda sikeli zai nuna. Nauyin motsi kuwa shi ne nauyin da gadar ke ji lokacin da motar ke tafiya. Misali mai sauƙi shi ne na mutumin da ya hau sikelin asibiti. Idan ya tsaya cik, allurar za ta nuna kilo 60, ta tsaya nan. Idan ya fara tsalle, allurar za ta riƙa haura 60 tana kuma sauka ƙasa da haka, alhali jikinsa bai ƙaru ba bai ragu ba. Haka babbar mota take. Gangar jikinta tana zaune ne a kan sifirin da tayoyi, saboda haka tana tafe tana sukuwa, nauyin da kowane aksul yake dannawa yana hawa yana sauka. Aksul shi ne sandar ƙarfen da ke haɗa tayoyin dama da na hagu.

Injiniyoyi sukan kwatanta nauyin biyu da lissafi guda. Sukan ɗauki mafi girman lotsawar da gada ta yi lokacin da mota ta wuce a guje, su raba da mafi girman lotsawar da ta yi lokacin da motar ta wuce a hankali kamar tafiyar ƙafa. Abin da ya fita shi za mu kira ƙimar ƙari. Idan ƙimar ta zama 1.2, ma'ana motsi ya ƙara wa gadar kashi 20 cikin 100 a kan nauyin tsaye ke nan.

3.1 Abubuwan da Ke Haifar da Ƙarin Nauyi

Bincike ya nuna abubuwa biyar ne suka fi tasiri:

(a) Yanayin fuskar hanya. Wannan shi ne babba. Rami ko tudu ko lalatacciyar mahaɗa a bakin gada sukan sa mota ta shiga gadar tana tsalle.

(b) Irin sifirin da shakazobar motar. Sifirin ƙarfe mai faifai-faifai da ya yi tsatsa ya fi bugun hanya fiye da na iska mai lafiyayyar shakazoba.

(c) Gudun mota. Ba a kullum ne ƙarin gudu ke kawo ƙarin nauyi ba. Akwai wani gudu na musamman da kowace gada ta fi jin sa.

(d) Tsawon gada da taurinta. Gajeriyar gada mara nauyi ta fi saurin amsa bugun aksul ɗaya.

(e) Yawan motoci da tazarar da ke tsakanin aksul da aksul.

3.2 Daidaituwar Girgiza

Kowane abu mai lanƙwasawa yana da saurin rawa irin nasa. Yaron da ke kan lilo ya san cewa idan aka tura shi a daidai lokacin da lilon ya dawo, ƙaramin turi ma ya isa ya kai shi sama. Idan aka tura a wani lokaci dabam, sai lilon ya mutu. Ana auna saurin rawa da yawan kai-komo a cikin daƙiƙa ɗaya. Gangar jikin babbar mota takan yi sukuwa kimanin sau 1.5 zuwa 4 a daƙiƙa, aksul kuwa yakan yi tsalle kimanin sau 8 zuwa 15. Gadoji masu matsakaicin tsawo, kamar mita 20 zuwa 50 tsakanin ginshiƙai, da yawansu suna rawa ne tsakanin sau 2 zuwa 5 a daƙiƙa. Idan rawar mota ta zo daidai da rawar gada, sai su riƙa ƙara wa juna ƙarfi kamar mai lilo da mai turi. Saboda irin wannan haɗari ne ake hana sojoji yin maci da taku ɗaya a kan gada, tun bayan da gadar Broughton ta ƙasar Ingila ta karye a ƙarƙashin ayarin sojoji a shekarar 1831.

4.0 Taƙaitaccen Tarihin Awon

Nazarin nauyin motsi ya faro ne daga hanyar jirgin ƙasa. A ranar 24 ga watan Mayu, 1847, gadar da ke kan kogin Dee a garin Chester na Ingila ta karye da jirgin ƙasa a kanta, mutum biyar suka mutu. Wannan ya sa hukuma ta kafa kwamitin bincike. Robert Willis ya gudanar da gwaje-gwaje ta hanyar gangaro da ƙaramin wagunu a kan sandunan ƙarfe, shi kuma George Stokes ya fitar da lissafin abin a shekarar 1849. Daga nan aka tabbatar cewa kaya mai tafiya yana iya lanƙwasa bim fiye da kaya mai zaune.

Da manyan motoci suka yawaita sai hankali ya koma kan tituna. Tsakanin 1958 da 1960 an yi wani babban gwaji a garin Ottawa na jihar Illinois a Amurka, inda aka yi ta zagaya motoci masu sanannen nauyi a kan tituna da gajerun gadoji da aka gina don gwajin. Daga sakamakonsa aka fitar da ƙa'idar da ke cewa idan nauyin aksul ya ninka sau biyu, ɓarnar da yake yi wa kwalta tana ninkawa kimanin sau 16. A shekarar 1979 kuma Fred Moses, wani malamin jami'a a jihar Ohio, ya bayyana dabarar mayar da ita gadar kanta sikeli. Daga baya an inganta wannan dabara ƙwarai a Turai, musamman a ƙasar Sulobeniya.

5.0 Kayan Awo

5.1 Ma'aunin miƙewa. Wannan ɗan ƙaramin faifai ne da bai wuce girman farce ba, mai ɗauke da siririyar waya da aka nannaɗe. Edward Simmons da Arthur Ruge ne suka ƙirƙiro shi a Amurka a shekarar 1938, kowa a nasa wurin. Ana manna shi a ƙasan bim. Idan bim ya miƙe sai wayar ta miƙe tare da shi, ta ƙara sirancewa, wutar da ke ratsa ta ta gamu da ƙarin turjiya. Daga wannan canji ake gane yawan miƙewar. Miƙewar ƙanƙanuwa ce ainun, ana ƙirga ta da kashi ɗaya cikin miliyan. Alal misali, miƙewar kashi 100 cikin miliyan a tsawon santimita 10 daidai take da milimita 0.01, abin da bai kai kaurin gashin kai ba.

5.2 Ma'aunin girgiza. Wannan yana auna saurin rawar gada da ƙarfinta. Ɗan ƙaramin irinsa ne ke cikin wayar hannu, wanda ke sa hoto ya juya idan an juya wayar.

5.3 Ma'aunin lotsawa. Shi ke nuna milimita nawa tsakiyar gada ta sauka. Inda ƙasa ke kusa, akan kafa shi a kan sanda daga ƙasa. Inda ruwa ne a ƙarƙashi, akan yi amfani da hasken leza ko kyamara daga nesa.

5.4 Ma'aunin aksul da gudu. Akan shimfiɗa layuka biyu na na'ura a gicciye bisa hanya, da sananniyar tazara a tsakaninsu. Lokacin da taya ta ɗauka daga na farko zuwa na biyu shi ke ba da gudun mota, da yawan aksul, da nisan da ke tsakaninsu.

5.5 Na'urar tattara bayanai. Duk ma'aunan nan ana haɗa su da kwamfuta mai ɗaukar karatunsu sau ɗaruruwa a daƙiƙa. Dalili kuwa shi ne motar da ke gudun kilomita 72 a awa tana cin mita 20 a daƙiƙa ɗaya, saboda haka aksul ɗinta na gaba zai ƙetare gada mai mita 30 cikin daƙiƙa ɗaya da rabi kacal.

6.0 Matakan Gudanar da Awo

Da farko akan duba gadar da ido, a auna sassanta, a lura da tsagewa da tsatsa da halin mahaɗa. Na biyu, a manna ma'aunai a wuraren da bim ya fi lanƙwasawa, galibi a tsakiya. Na uku, a samo babbar mota a loda mata yashi ko tsakuwa, a auna nauyin kowane aksul a sikeli. Na huɗu, a sa direba ya ratsa gadar a hankali sosai don a sami tasirin nauyin tsaye. Na biyar, ya sake ratsawa sau da yawa da gudu iri-iri. A wasu gwaje-gwajen akan gitta katako a kan hanya don a kwaikwayi lalatacciyar kwalta. Na shida, a buɗe hanya, a bar na'urorin suna ɗaukar bayanan motocin yau da kullum na tsawon kwanaki ko makonni.

A ɗauka cewa tsakiyar wata gada ta lotsa da milimita 10 lokacin da motar gwaji ta wuce a hankali. Da ta wuce da gudun kilomita 70 a awa sai ta lotsa da milimita 12. Ƙimar ƙari ita ce 12 a raba da 10, wato 1.2. Idan aka gitta katako lotsawar ta kai milimita 15, ƙimar ta zama 1.5. Motar ɗaya ce, kayan ɗaya ne, gadar ɗaya ce. Lalacewar fuskar hanya kaɗai ta ɗaga ƙarin daga kashi 20 zuwa kashi 50 cikin 100.

6.1 Gada a Matsayin Sikeli

Da zarar an san yawan miƙewar da tan ɗaya ke jawowa a kowane wuri a kan gada, ana iya juya lissafin baya. Duk motar da ta wuce, kwamfuta za ta duba zanen miƙewar da ta haifar, ta haɗa da gudunta da tazarar aksul ɗinta, ta fitar da nauyinta. Fa'idar wannan dabara ita ce ba a tsayar da kowa, kuma da yake ma'aunan suna ƙarƙashin gada, direba ba ya ganinsu balle ya kauce. Sai dai ba ta kai sikelin tsaye daidaito ba, don haka akan yi amfani da ita wajen tattara ƙididdiga da zaƙulo motocin da ya kamata a kai sikeli.

7.0 Amfanin Sakamakon Awo

Amfani na farko shi ne tsara sababbin gadoji. Tsohuwar ƙa'idar Amurka ta tanadi cewa a raba 15.24 da tsawon gada a mita bayan an ƙara masa 38.1, amma kada ƙarin ya wuce kashi 30 cikin 100. Bisa wannan lissafi gada mai mita 30 za a ƙara mata kimanin kashi 22. Sabuwar ƙa'idarsu da ta fito a 1994 ta tsayar da kashi 33 ga yawancin sassan gada, da kashi 75 ga mahaɗa, saboda nan ne taya ke buga kai tsaye.

Amfani na biyu shi ne yanke hukunci kan tsofaffin gadoji. Awo a ƙasashe da dama ya nuna wani abu da ba a zata ba: gwargwadon nauyin mota, gwargwadon raguwar ƙimar ƙarinta. Tirela fanko tana tsalle sosai amma nauyinta kaɗan ne, mai cikakken lodi kuwa ba ta cika tsalle ba. Sanin wannan yakan ceci gada mai lafiya daga rushewa ba gaira ba dalili, ya kuma tona asirin mai rauni.

Amfani na uku shi ne ƙiyasta gajiyar ƙarfe. Wanda ya taɓa lanƙwasa waya gaba da baya har ta tsinke ya ga gajiyar ƙarfe da idonsa. Kowace babbar mota lanƙwasawa ɗaya ce ko fiye. A wuraren walda, ɓarnar tana tafiya ne da ninkin ƙarfin sau uku a kansa. Idan ƙarfin ya ninka biyu, ɓarnar ta ninka takwas. Ƙarin kashi 20 kawai yana nufin 1.2 sau 1.2 sau 1.2, wato kimanin 1.73, ƙarin ɓarna na kashi 73 cikin 100.

Misalai biyu daga Turai sun isa ishara. Gadar Leverkusen da ke kan kogin Rhine a Jamus an buɗe ta a 1965, daga baya zirga-zirga ta ninka abin da aka tsara mata. An gano tsagewa a ƙarfenta a 2012, kuma daga 2014 aka hana duk motar da ta wuce tan 3.5 hawa, har aka buɗe sashen farko na sabuwar gada a 2024. A Italiya kuwa, a ranar 28 ga Oktoba, 2016, wata gadar sama mai rauni a garin Annone ta rufta da motar da nauyinta ya haura tan 100, mutum ɗaya ya rasu. A wuri na farko an gano cutar an ɗauki mataki, a na biyu sai da aka yi asarar rai.

8.0 Batun a Hanyoyinmu

Yawancin kayan da ke zirga-zirga tsakanin tashoshin ruwan Legas da Kwatano da Lome da garuruwan Kano da Maraɗi da Yamai a kan titi suke tafiya, kuma dole su ƙetare gadoji irin su ta Jebba. Ɗalibi na iya ƙiyasta nauyin da kansa. Buhun siminti kilo 50 ne, don haka buhu 600 tan 30 ne, buhu 900 kuwa tan 45, ban da nauyin motar. Litar fetur ba ta kai kilo ɗaya ba, kimanin kashi uku cikin huɗu ce, saboda haka tanka mai lita 45,000 tana ɗauke da kimanin tan 33. Ƙungiyar ƙasashe masu amfani da kuɗin sefa ta Yammacin Afirka, wadda Nijar ke ciki, ta kafa dokar ƙayyade nauyin aksul a 2005, ita ma ECOWAS ta zartar da tata a 2012. Doka kuwa ba ta aiki sai da sikeli. Ga kuma darasin da misalin katako ya koyar: cike rami da gyara mahaɗa a bakin gada aiki ne mai araha da ke ƙara mata shekaru. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.

9.0 Yadda Malami Zai Gabatar da Darasin

Malami ya fara da abin da yara suka sani, kamar lilo da tsinkewar waya. Sannan ya gitta doguwar rula ko siririn katako a kan bulo biyu, ya ɗora dutse a hankali, yara su auna lotsawar. Ya sake sakin dutsen daga ɗan sama kaɗan, su ga bambanci. Wajen kalmomi kuwa, ya bi hanyoyi biyu da aka bi a wannan babi. Inda jama'a suka riga suka ari kalma, kamar sifirin da kankare da bim, ya bar ta yadda bakanike da magini suke faɗinta. Inda babu, ya ƙirƙiro suna mai bayyana aikin abin, kamar ma'aunin miƙewa da nauyin motsi, ya kuma tsaya a kan suna ɗaya har ƙarshen darasi don kada yara su rikice.

10.0 Kammalawa

An ga cewa gada tana jin nauyin da ya wuce na sikeli idan mota na tafiya, kuma girman ƙarin ya danganta da fuskar hanya da sifirin mota da gudu da yanayin gadar. An bayyana kayan awo da matakan gwaji da yadda ake fitar da ƙimar ƙari. An kuma nuna cewa ƙaramin ƙari da ake maimaitawa dare da rana yana rage kwanan gada sosai. Yaran da malami zai koyar, daga cikinsu ne za a sami direbobi da masu lodi da injiniyoyi, kuma dukkansu a kan gadojin nan za su riƙa wucewa.

Tambayoyin Auna Fahimta

1. Bambanta nauyin tsaye da nauyin motsi, tare da misali daga rayuwar yau da kullum.
2. Kawo abubuwa huɗu da ke ƙara nauyin motsi, ka yi bayanin biyu daga ciki.
3. Wata gada ta lotsa da milimita 8 a tafiyar sannu, da milimita 10 a guje. Fitar da ƙimar ƙari.
4. Yi bayanin yadda ma'aunin miƙewa yake aiki.
5. Tsara darasin minti 35 a kan wannan batu don 'yan aji shida na firamare.